Abin da ban faɗa miki ba game da jegonki

Uwata,

Babanki ya kwashe masararsa kafin ruwan ƙarshe, yanzu gwiwa ce ke damunsa, amma kin san shi, ba zai zauna ba.

Tun da innarki ta dawo daga Jos ta ce jikinki ya yi nauyi nake juya wata magana a raina. A waya ba zan iya ba, kunya za ta rufe mini baki, shi ya sa na ɗauko biro. Kin tashi kina jin cewa na yi doguwar jinya bayan haihuwarki, ana ce miki zazzaɓi ne. Uwata, ba zazzaɓi ba ne. Hankalina ne ya taɓu.

Tun kafin suna abin ya fara. Barci ya ƙaurace mini, kuma ban ji gajiya ba. Sai surutu, sai waƙa da tsakar dare. Na ƙi kunun kanwa don na tabbata an sa mini guba, na hana kowa taɓa ki don wai za a musanya mini ke. Ranar suna fasto ya ɗaga ki yana addu'a a tsakar gida, ni ina ɗaka an jingine ƙofa da turmi.

Bakin mutane kuwa bai huta ba. Wasu suka ce iska ce ta shige ni wajen wankan jego, wasu suka ce jifa aka yi mini. Maganar da ta fi yi wa babanki ciwo daga cikin ikkilisiya ta fito, wai akwai zunubin da ban furta ba. Aka nuna masa wani gidan addu'a inda ake sa marasa lafiya azumi. Ya je ya gani da idonsa: maza da mata a gindin bishiya, mari a ƙafafunsu, idon sawu duk gyambo. Ya juyo da kekensa bai ko sha ruwansu ba.

Matan zumunta ne suka tsaya mini. Shugabarsu a lokacin tsohuwar ungozoma ce, ta ce ta taɓa ganin irin wannan, kuma na asibiti ne. Suka rubuta sunayensu da gawayi a bangon zaure, wance yau, wance gobe. Ɗaya ta kwana da ni, ɗaya ta goya ki, wata mai jego ta haɗa ki da ɗanta ta shayar. Ran Lahadi aka yi baiko na musamman, da kuɗin aka ɗauki shatar mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Fasto ya shiga gaba, ya yi addu'a a bakin ƙofar likita, sannan ya bar likita ya yi aikinsa. Likitan ya ce ciwo ne sananne, yana samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 bayan haihuwa, yawanci a makonni biyun farko, kuma ana warkewa.

Na warke ɗin, amma sannu a hankali. Bayan surutun ya lafa sai wani duhu ya sauko mini. Watanni ban iya addu'a ba. In na buɗe baki sai in ji kamar babu mai ji. Akwai wata gwaggo, yanzu ta huta, da takan zo da kwaryar gyaɗarta ta zauna kusa da ni tana ɓara. Ba wa'azi, ba tambaya. In za ta tafi sai ta ce, "Na yi miki ta yau, 'yar nan, ki bar ta a wuyana." Addu'ar take nufi. Ita ce daga baya ta tuna mini da annabi Iliya. Mutumin da ya roƙo wuta daga sama a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya kwanta yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa a kan ƙarancin bangaskiya ba. Mala'ika ya aiko da gurasa da ruwa, aka bar shi ya yi barci, aka sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya. Ki duba 1 Sarakuna sura 19 da kanki.

Komawa sujada ma aiki ne. Na zauna a benci, ta kusa da ni ta ɗan gusa. Ban riƙe ta a zuciya ba, tsoro ne. Amma ana cikin waƙa wata ta juyo daga gaba ta miƙo mini jaririnta ta ce in riƙe mata za ta gyara zani. Zanin nan lafiyarsa lau. Duk majami'a ta ga an ba ni jariri na riƙe, kuma daga ranar ba a ƙara gusawa ba.

Ba mu kaɗai muka san wannan hanya ba. A Itumbauzo ta jihar Abiya, cocin Methodist ta buɗe wani gida mai suna Amaudo tun 1989, suna ɗauko masu taɓin hankali daga titi, a yi musu magani, a koya musu sana'a, a nemo danginsu. Gwamnati ma ta farka, a makare: a Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka dai tana takarda, mari kuwa har yau yana ƙafar wasu, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne wasu masu ɗaure su da sunan Yesu suke yi, shi da ya tarar da mai sarƙa a maƙabarta ya mai da shi gida wurin danginsa.

Ga dalilin wasiƙar. Likita ya ce 'yar wadda ta yi wannan ciwo ta ɗan fi sauran mata kusa da shi. Ba dole ne ya same ki ba, ƙannenki ma na haife su lafiya da kulawar asibiti. Amma in kin je awo ki faɗa musu, kada ki ɓoye. Ki ba maigidanki ya karanta, don shi zai fara lura in barci ya ƙi ki ko maganarki ta canza. Ki samu dattijuwa ɗaya mai riƙon amana a zumuntarku ki gaya mata. In har an kai ga magani, kada ki yanke shi da kanki. Wanda ya ce ki zubar don nuna bangaskiya, ki tambaye shi ko zai faɗa wa babanki haka a kan ƙwayar hawan jininsa.

Ɗakinki na nan an yi masa sabon daɓe, itacen wanka ma na fara tarawa. Ki zo da katin awonki, kuma ki taho tun wata bai kama ba, hanyar nan ba ta mai nauyi ba ce. Babanki bai san na rubuto ba, zan gaya masa yau da dare. Ki gaishe da surukanki.

Taki,
Mama