Baƙon Tsiro a Bayan Ɗakin Gwaggo: Ziyarata Karaye da Rogo

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, a wannan fitowar zan kai ku yammacin Jihar Kano ne, ƙasar Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da suka haɗu a ƙarƙashin masarautar Karaye tun gyaran da aka yi a 2024.

Daga Kabuga muka ɗauki titin Gwarzo a watan Nuwamba, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Duk wanda ya je Karaye sai an nuna masa Dam ɗin Challawa, wanda aka gina daga 1990 zuwa 1992, tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8. Ke dai bari! Ruwa iya ganinki, ga masunta, ga masu noman rani da tumatir da albasa. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ɗan fili ne da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, a bayan ɗakin Gwaggona.

Autar Gwaggo tana aji biyar na sakandare. Babansu ya riga ya faɗa mata gaskiya: in kuɗin jarrabawar fita bai samu ba baɗi, sai dai ta haƙura. Shi ne yarinyar nan ta kwashi adashenta na kitso, ta ba wani yayanmu direba mai zuwa Jos, ya sayo mata dashen sitirobari guda 30.

Wataƙila kin taɓa ganin hotonsa a jikin robar yogot ko kwalin askirim: ɗan ja mai ƙamshi, 'ya'yansa a waje kamar an barbaɗa masa riɗi. Irin da ake nomawa yanzu a Faransa aka same shi wajen 1750, bayan an haɗa wani iri na Arewacin Amurka da wani na ƙasar Chile. A Nijeriya kuwa gidansa Filato, musamman ƙauyen Chaha kusa da Vom, don tudun Jos ya kai wajen mita 1,200, sanyi ba ya yanke musu. Mu kuwa sanyinmu baƙo ne, wata uku ya yi sallama.

"Ke 'yar nan, abin da ba ya son rana ki kawo shi Karaye?" in ji Gwaggo. "Wannan ai zubar da kuɗi ne."

"Inna, ai shi ya sa na jira hunturu. Kafin zafi ya sauko na tsinke abina."

Da yamma muka yi dashen, ni ina riƙe da buta. Ta ja kunya biyu masu tudu don kada ruwa ya kwanta, ta cakuɗa ƙasar da yashi da takin awaki wanda ya daɗe da ruɓewa, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Tsakanin dashe da dashe ta bar kamar santimita 30, wato taƙi ɗaya da rabi. Sai ta nuna mini sirrin abin: akwai ɗan wuya tsakanin saiwa da ganye, dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa. In kika binne shi ya ruɓe, in kika bar shi a sama saiwa ta bushe. Ban-ruwa kuma a gindi, da sassafe, ba a kan ganye ba. Daga nan aka kewaye da dangar kara, don kaji da awakin Gwaggo ba su san kuɗin jarrabawa ba.

Saura abin rufe ƙasa, wanda zai riƙe laima ya kuma hana 'ya'yan kwanciya a taɓo. Wannan ne ya kai mu Rogo washegari, gidan wata yayarmu da ke aure can. Rogo tana iyaka da Kaduna da Katsina, kuma ƙasar rake ce. Tun daga hanya za ki ga fadamu kore shar, ga ƙamshin mazarƙwaila ana dafawa. Busasshen ganyen rake da ake zubarwa muka cika buhu biyu da shi, kyauta.

Yaya ta saurari labarin tsaf, sannan ta ja mu bayan ɗakinta. Zogale ne da yakuwa da alayyafo da salak, duk da ruwan rijiya. Ta ce da kwaɗon zogale take sayen sabulu da littafin yara, ba ta jiran maigida ya dawo kasuwa.

"Ƙanwata, ban hana ki ba," in ji ta. "Amma kar ki saki reshe ki kama ganye. Baƙonki in Maris ya shigo zai langaɓe. Zogale kuwa yana nan da ke har damina."

Ta yanko mata sandunan zogale, ta ƙulla mata irin alayyafo a leda. Muna komawa Karaye aka raba filin biyu.

Wancan satin saƙo ya iso mini Kano. Guda 8 sun mutu, sauran sun kama, har sun fitar da fararen furanni. Daga fure zuwa nuna kamar wata guda ne, ke nan tsere take yi da zafin bazara. In Allah Ya sa wasu suka tsallake a inuwa, za su miƙa yaɗo, kowane yaɗo ya zama sabon dashe ba tare da an sake aikawa Jos ba. Alayyafo kuwa tuni an yanka sau biyu, kuɗin na cikin asusu.

To 'yar uwa, leƙa bayan ɗakinku. In babu fili, tsohon buhu da bokitin da ya fashe ma sun isa. Ki gwada sabon abu, amma ki san lokacinsa, ki kuma dasa na gida kusa da shi. Ku taya autarmu da addu'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.