Furen Gawo a Ƙasar Kurfai

Wanda zai je Filinge daga Yamai, ya yi ƙoƙari tafiyarsa ta faɗo a watan Nuwamba ko Disamba. Hanyar ta kai kimanin kilomita 180, ta ratsa Ballayara, ta bi kwarin Dallol Boso ta yi arewa. A lokacin an gama girbi, gonaki sun koma kara da rairayi, hunturu ya fara busawa. Amma gawo sai ka ce yanzu damina ta sauka masa: ganye kore shar, ga fure ko'ina a rassa.

Na tsaya a gindin wani babba a wata gona kusa da gari. Furen ba ya ɗaukar ido daga nesa. Siririyar zangarniya ce, tsawon yatsa, fari-fari mai ratsin ɗorawa, ga ƙamshi mai sanyi. Kunne ma ya riga ido labari, don ƙudan zuma sun cika bishiyar da ƙugi. Mai gonar, wani dattijo, ya tsinci zangarniya guda ya miƙo mini. "Ɗana, in ka ga hure ya yi yawa haka, bana bisashe sun samu," in ji shi da Hausarsu ta Kurfayawa.

Gaskiyarsa kuwa. Furen nan shi ke zama 'ya'ya, jajaye a murɗe, masu zubowa da rani daidai sa'ad da ciyawa ta ƙare. Awaki da tumaki su yi ta tsinta, har da jajayen shanun Azawak, irin waɗanda ake kiwo a tashar Tukunus, arewa da Filinge, tun 1954. Suna ci suna shan inuwa suna barin taki. Da ruwa ya sauka sai gawo ya kaɗe ganyensa, rana ta samu hatsin da aka shuka a ƙarƙashinsa. Shi dai saiwarsa can ƙasa take sha, ruwan Dallol kuma ba nisa gare shi ba.

Dokar daji ta 1974 ta sa gawo cikin itatuwan da Nijar ta hana sarewa, amma ni kulawar mutanen ce ta fi burge ni. A wajenmu gatari ya cinye da yawa. Dattijon nan kuwa zagayawa ya yi da ni yana nuna mini ƙananan gawo da ya kewaye lokacin noma bai taɓa ba, kowanne ya sassabe masa rassan ƙasa don ya miƙe. Wani bai wuce gwiwata ba, ya kafa masa ƙaya saboda awaki.