Zabiyar Kanada Da Alli A Hannuna

Ran da na shigo kwalejin nan, gaskiya ba da son raina ba ne. Aikin ofis na nema ban samu ba, sai na ce to, bari in fake a malanta kafin Allah ya kawo wani. Labarin wata mata da malaminmu na waƙa ya ba mu shi ya sa na fara jin kunyar wannan tunani.

Sunanta Emma Albani. An haife ta a garin Chambly, ƙasar Kanada, a 1847. Ubanta malamin kiɗa ne, shi ya riƙa koya mata tun tana 'yar ƙanƙanuwa, kullum sa'o'i da yawa. Uwarta ta rasu a 1856. Daga baya suka koma Albany ta Amurka, inda take waƙa a coci. Mutanen wurin suka tara mata kuɗi, a 1868 ta tafi Faransa neman ƙarin ilmi, sa'an nan ta wuce Italiya wurin wani gwanin malami, Lamperti.

Sana'arta ita ce ofera, watau wasan kwaikwayo wanda ba a magana a cikinsa sai waƙa. A 1872 ta fito a babban gidan wasa na Covent Garden a Landan. Abin dariya, sunan yarinyar da ta kwaikwaya a wasan Amina! Ta yi shekara ashirin da huɗu tana fitowa a gidan nan. Sarauniya Victoria ta so ta ƙwarai, har Albani ta yi waƙa wajen jana'izarta a 1901.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Bayan ta yi waƙar ban kwana a 1911, dukiyarta ta lalace, tsufa kuma ya zo. Me ya rufa mata asiri? Koyarwa. Ta rasu a Landan a 1930.

Da na ji haka na ce, ashe ita ma fakewa ta yi kamar ni. Da dare kuwa na sake tunani. In ba don ubanta da Lamperti ba, wa zai san muryarta? Su ba a tafa musu ba, amma aikinsu ne aka tafa wa.

'Yan'uwana, makon gobe za ni gwajin koyarwa a aji uku. Akwai yara arba'in. Ban san abin da Allah ya ɓoye a cikinsu ba, saboda haka ba zan shiga ajin nan kamar mai jiran mota ba.