Ranar da Bakwai Ta Koma 12

Shekararmu ashirin ke nan riƙe da alli, amma a zangon karatun da ya wuce wata yarinya 'yar aji shida ta nuna mana cewa akwai sauran rina a kaba.

Mun daɗe muna koya wa yara lambobin nan da ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 31, waɗanda a ajinmu muke kira gagara-raba. Muka ba su dokoki biyu su haddace: ban da 2 da 3 kansu, duk lambar da ta ƙare da 2 ba ta cikinsu, haka ma wadda jimlar alƙalumanta ta rabu da 3.

To, ran nan muka shiga darasin ƙirga a tushe biyar, wato a riƙa kasa abu biyar-biyar maimakon goma-goma. Bakwai ta zama kashi ɗaya da saura biyu, aka rubuta 12. Sai yarinyar ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, jiya bakwai ba ta rabuwa, yau ga ta ta ƙare da 2. Ta fara rabuwa ke nan?" Ba mu da amsa a shirye, sai muka ce, "Zauna, 'yata, kina ɓata mana lokaci." Wallahi abin ya tsaya mana a rai.

Da dare muka zube goro bakwai a tabarma. Duk yadda muka kasa shi, bai rabu daidai tsakanin mutum biyu ko uku ba. Ashe dokokin namu na tushe goma ne kawai. Goma tana rabuwa da 2, shi ya sa alƙalamin ƙarshe yake yanke hukunci. Biyar kuwa ba ta rabuwa. Dokar jimla ita ma tana aiki ne don in an raba goma da 3, ɗaya ke saura.

Muka ƙara goron ya kai 31. Babban kashi na 25, ƙaramin kashi na 5, da guda ɗaya: 111. A tushe goma, 111 ita ce 3 sau 37, amma wannan 111 ɗin ba mai raba ta. A tushe biyu, wanda kwamfuta ke aiki da shi, 31 ita ce 11111. Lamba ɗaya tak aka sani bayan ita da ake rubutawa da 1 zalla, aƙalla guda uku a jere, a tushe iri biyu: 8191, a tushe 2 da tushe 90. Tun 1917 wani ɗan Beljiyam, René Goormaghtigh, ya lura da su, kuma har yau ba a tabbatar ko akwai ta uku ba.

Washegari muka shiga aji da goronmu, muka nemi afuwar yarinyar a gaban kowa, muka sa ta kasa shi da hannunta. 'Yan'uwa malamai da iyaye, in yaro ya tambayi dalilin doka, kada mu ce masa ya zauna. Wataƙila mu ma haddacewa kawai muka yi. Allah Ya sa mu dace.