Rabin Kilo a Ƙugu

Ƙarfe goma na dare ta ɗan gota lokacin da ya rufe kantin maganin da yake aiki a kudu maso yammacin birnin Houston, ya nufi motarsa. Tsakanin ƙofar kantin da inda ya ajiye motar taku arba'in ne. Bai kai ga buɗe ta ba ya ji an yi masa magana daga baya. Da ya waiwaya sai ya ga saurayi da bai fi shekara ashirin ba, hannunsa na kyarma, bakin bindiga na kallon ƙirjinsa. Ya miƙa walat da waya, yaron ya ruga cikin duhu. Duka abin bai cika minti ɗaya ba, amma ya kwashe makonni uku yana farkawa da tsakar dare yana sake ganinsa.

Mutumin Zariya ne, masanin harhaɗa magunguna, yana da shekara arba'in da huɗu. Ya yi shekara goma sha ɗaya a Amurka, ya zama ɗan ƙasa, yana da mata da 'ya'ya biyu: namiji mai shekara goma sha huɗu da mace mai shida. Kafin wannan dare bai taɓa riƙe bindiga ba. Inda ya tashi, bindiga kayan soja ce da ɗan sanda, sai adaka a kafaɗar mafarauci. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Ga shi yanzu a jihar Texas, inda tun 1 ga Satumba 2021 yawancin waɗanda suka kai shekara 21 ke iya ɗaukar ƙaramar bindiga a jiki, a ɓoye ko a bayyane, ba tare da lasisi ba.

Wannan 'yanci yana da dogon tarihi. Gyara na Biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya yi magana kan haƙƙin mallaka da ɗaukar makami, amma an daɗe ana jayayya kan ko haƙƙin na mutum ɗaya ne ko na dakarun sa-kai. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce na mutum ɗaya ne, aƙalla a cikin gidansa. A watan Yunin 2022, a shari'ar Bruen, alƙalai shida cikin tara suka ce haƙƙin ya bi mutum har kan titi. A yau fiye da rabin jihohi 50 ba sa neman lasisi kafin a ɗauki bindiga a ɓoye. Sai dai ba kowane baƙo ne ke da wannan dama ba: dokar tarayya ta hana yawancin masu bizar karatu ko ta ziyara mallakar makami, ta bar ƙofar a buɗe ga ɗan ƙasa da mai izinin zama na dindindin.

Ranar Asabar ya shiga wani shagon sayar da bindigogi da ke da filin gwajin harbi a bayansa. Ya shiga ne da ra'ayin da yawancin sabbin masu saye ke shiga da shi, wato ya nemi mafi ƙanƙanta, wadda za ta ɓace a aljihu. Mai shagon, wani dattijo da ya yi aikin soja, ya ɗauko masa Ruger LCP, wadda ba ta kai giram 300 ba, ya ce ya je ya harba harsashi shida ya dawo. Ya dawo tafin hannunsa na zugi, kuma daga nisan yadi bakwai biyu kacal suka sami inda ya saita.

Dalilin a fili yake ga wanda ya yi karatun kimiyya. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke tura bindiga baya, kuma gwargwadon rashin nauyinta gwargwadon dukan da hannu zai sha. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, don haka tana tsalle bayan kowane harbi. Tazarar da ke tsakanin alamun saiti biyu na gaba da baya kaɗan ce, shi ya sa ɗan karkacewar da ido ba ya gani ke zama kuskuren taƙi guda a can inda harsashi zai sauka. Bindigar da ta fi sauƙin ɓoyewa ita ce ta fi wuyar sarrafawa, kuma duk zaɓin da ke gabansa ciniki ne tsakanin waɗannan biyun.

Dattijon ya jera masa wasu uku a kan tebur. Ta farko Glock 19 ce, ƙirar ƙasar Ostiriya da ta fito a 1988, mai cin harsashi 15. Da ita ya fi samun saiti, amma idan aka cika ta nauyinta ya haura giram 800, kuma da ya soke ta a ƙugu sai ta yi tudu a ƙarƙashin riga. Ta biyu libarba ce, Smith & Wesson 642, mai harsashi biyar. Ba ta da wani abin ja ko ɗanawa, kuma da wuya ta cije, sai dai kunamarta na da tauri, wanda ke sa hannun ɗan koyo ya kauce yayin matsawa. Ta uku daga cikin siraran bindigogin da suka cika kasuwa ne tun bayan fitowar SIG Sauer P365 a 2018, masu cin harsashi goma cikin jiki mai kimanin rabin kilo. Cikin irinsu, Glock 43X ce ta zauna masa a hannu, domin mariƙinta ya ɗauki yatsunsa duka.

Ya tambaya ko ba gara harsashi mafi girma ba. Dattijon ya ba shi labarin hukumar FBI. A watan Afrilun 1986 an yi musayar wuta a Miami, aka kashe jami'anta biyu, aka raunata biyar, hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin kan harsashi mai milimita 9, ta koma manya. Bayan kusan shekara talatin ta dawo kan milimita 9 ɗin, bisa hujjar cewa ƙirar harsasai ta inganta, kuma jami'anta sun fi samun saiti da sauri idan dukan bindiga bai yi yawa ba. Ga mai koyo akwai ƙarin dalili: harsashin ya fi araha, kuma wanda ba zai iya sayen na atisaye a kai a kai ba, ba zai iya harbi ba ranar da ta ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da dattijon bai taɓa tunani a kai ba, sai da shi ya ɗago shi. Irin wannan bindiga ba ta da makullin da ake turawa da yatsa. Tsaronta yana ciki, kuma duk abin da ya ja kunama, ko yatsa ne ko bakin riga, zai tashe ta. Saboda haka dole ta zauna cikin kube mai tauri da ya rufe kunamar ruf, a kan bel mai ƙarfi. An tsara wannan duka ne domin mai wando da gajeriyar riga. Shi kuwa ranar Juma'a da ranakun suna da ɗaurin aure kaftani yake sawa har gwiwa, a kan wando mai mazagi da ba ya ɗaukar bel. Ya gwada a gida da bindigar roba da aka ara masa: kafin ya tattare kaftanin ya kai hannu ƙugu, daƙiƙa huɗu sun wuce. Da ya yi ruku'u kuma sai ya ji ta tokare masa mara. Ya gane cewa zaɓen bindiga zai taɓa tufafinsa da zamansa a mota, har da tsayuwarsa a sahu.

Ko da yake doka ba ta tilasta masa ba, ya yi rajistar neman lasisi. Darasin na awa huɗu zuwa shida ne, sai jarrabawar rubutu, sai harbi 50 daga yadi 3 da 7 da 15, inda ake buƙatar maki 175 cikin 250. Mafi yawan lokacin ya tafi ne kan wuraren da ba a shiga da makami: makarantu, kotuna, rumfunan zaɓe, mashaya, da duk ginin da mai shi ya kafa allon hani mai lamba 30.06. Da aka zo kan yadda ake yi idan ɗan sanda ya tsayar da mota, sai malamar ta ce a kunna fitilar ciki, a ɗora hannu biyu kan sitiyari, a faɗi cewa akwai makami kafin a motsa. Shi kaɗai ne baƙar fata a ajin, kuma sunan da ya faɗo masa a rai shi ne Philando Castile. A ranar 6 ga Yulin 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da Castile, mai shekara 32 kuma mai lasisi. Ya sanar da jami'in cewa yana da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka yi harbi bakwai a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara huɗu, jim kaɗan bayan haka ya mutu. A shekarar da ta biyo baya kotu ta wanke jami'in.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta yi masa gardama da tsoro ba, da alƙaluma ta zo. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu, 26,328, su ne suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Wani bincike na jami'ar Stanford da aka wallafa a 2020, wanda ya bi mutum miliyan 26 a California, ya gano cewa maza masu ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau takwas wajen kashe kai da bindiga.

"Abban yara," ta ce masa, "ɓarawon nan sau ɗaya ka gamu da shi a shekara goma sha ɗaya. Ita kuwa kullum za ta kwana da mu. Yaron nan yana shekarun da rana ɗaya ta ɓacin rai ke zame masa kamar ƙarshen duniya."

Bai sami amsa ba, domin ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san cewa masana ba su daidaita ba kan ko yawan masu ɗaukar bindiga na rage laifi. John Lott ya yi suna da littafinsa na 1998 mai cewa yana ragewa, John Donohue da abokan aikinsa kuma suka fitar da nazari a 2019 da ke nuna cewa laifukan tashin hankali da cin zarafi sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari shekara goma bayan jihohi sun sassauta dokar. Amma alƙaluman ƙasa ba su ne ke tafiya taku arba'in a duhu ba, shi ne. Suka yi yarjejeniya: akwatin ƙarfe mai lambar sirri zai riga bindigar shiga gida, ba za ta taɓa kwana a wajensa ba, kuma duk ranar da ɗayansu ya ga alamar damuwa a tare da yaron, ko a tare da shi kansa, za a fitar da ita daga gidan ba tare da musu ba. Dokar Texas ma ta mai da shi laifi a bar bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Tambayar da ta fi tsaya masa ita ce wadda malamar ajin ta yi masa a keɓe, bayan ya ba ta labarin daren. Ta ce ya ɗauka bindigar na ƙugunsa a lokacin, me zai yi? Ya yi shiru yana lissafi. Bakin bindiga ya riga ya kalle shi, yatsan yaron na kan kunama, shi kuwa sai ya ɗaga riga tukuna. Ko da ya yi sa'a ya riga shi, dokar Texas na iya ba shi kariya, tunda ta halatta kisa don kare kai daga fashi da makami. To amma zai koma gida ya gaya wa mahaifiyarsa a waya cewa ya kashe ɗan wani saboda walat mai dala sittin da wayar da inshora ta biya. Ya ce mata zai miƙa walat ɗin, kamar yadda ya yi. Ta ce to ya fahimci darasin, domin bindigar ta ranar da miƙa walat bai isa ba ce, ranar da aka ce ya shiga but ɗin mota ko aka nufi 'yarsa.

Ya sayi Glock 43X ɗin. Ya cike takardar tarayya mai lamba 4473, aka bincika sunansa a rumbun bayanan FBI cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin bindiga da kube da bel da akwati, ya ware kuɗin harsashi ɗari na atisaye kowane wata. Sai a makon da lasisinsa ya iso ya karanta ƙa'idojin wurin aikinsa da kyau. Ma'aikaci ba ya shiga kanti da makami. Abin da dokar jihar ta ba shi kawai shi ne ya bar ta a kulle cikin motarsa a filin ajiye motoci. Wato a taku arba'in ɗin nan da suka kai shi shagon bindiga, daga ƙofar kanti zuwa ƙofar mota, hannunsa wayam zai kasance kamar daren farko.

Yanzu yakan ɗauke ta idan zai yi doguwar tafiya da iyali zuwa Dallas, ko idan zai fita cikin dare. Ranar Juma'a tana zama a akwati, shi ya sa kaftaninsa. A ranakun aiki kuma yakan zo da wuri don ya sami gurbin da ke ƙarƙashin fitila, kusa da ƙofa, kuma idan goma ta yi ba ya fita sai abokin aikinsa ya gama lissafin kuɗi, su kulle tare, kowa ya jira ɗan'uwansa ya tada mota.