Daga Genoa zuwa Marseille: wa zai ɗauki asarar tafiyar da aka soke?

Jirgin ruwan da na shiga ya tashi daga Genoa ta ƙasar Italiya, ya bi ta Napoli, ya gangara Valletta babban birnin Malta, ya haura Barcelona, ya yada zango a Marseille, sannan ya koma inda ya fito. Zagaye ne da manyan jiragen shaƙatawa suke yi mako-mako a yammacin Bahar Rum, kowanne ɗauke da dubban fasinjoji da ma'aikata. A lokacin annobar korona ta riga ta lafa, babu mai tambayar takardar gwaji ko shaidar rigakafi a bakin tasha, sai 'yan tambayoyi kan lafiya da ake amsawa kafin a hau. Duk da haka tashoshin nan ba su bar ni na manta da annoba ba, domin kusan kowacce tana da tabonta, na jiya ko na ƙarnukan baya. Abin da na dawo da shi daga tafiyar ra'ayi ne guda: dokokin lafiyar da ake kafa wa matafiya a teku suna kan daidai, har masu tsanani daga cikinsu, amma duk wanda aka soke wa tafiya ko aka hana shi hawa saboda su, kuɗinsa ya kamata a mayar masa a hannu. Takardar alkawarin wata tafiya nan gaba ba ta biya masa haƙƙinsa ba.

Daga Genoa ɗin nan aka sake buɗe harkar a Bahar Rum bayan ta tsaya cik. A ranar 16 ga Agustan 2020 jirgin MSC Grandiosa ya fita daga tashar, shi ne babban jirgin shaƙatawa na farko da ya koma aiki a Bahar Rum, wata biyar bayan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana irin waɗannan jirage tashi daga ruwanta a ranar 14 ga Maris. Sharuɗɗan sun yi tsauri: a gwada kowa kafin ya hau, a rage yawan fasinjoji, kuma ba mai sauka gari sai cikin ayarin da kamfani ya shirya, da ɗan rakiya. A Napoli, a wannan tafiya ta farko, wasu iyali suka ware daga ayari suka yi gaban kansu, da suka dawo aka hana su komawa jirgi. Ina tsaye a bene ina kallon Napoli da dutsen Vesuvius a bayanta, na fahimci abin da ya ja su, gari ne da ke kiran baƙo ya kutsa lungunansa. Amma hukuncin bai zalunce su ba. Wata shida kacal kafin nan, a Fabrairun 2020, an killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu. Wanda ya ga yadda ake cin abinci a zaure guda, ake cunkushewa a lif, ake kwana a ɗakunan da wasunsu ko taga ba su da ita, ya san cewa sakacin mutum huɗu ko biyar yana iya kwantar da ɗaruruwa.

Valletta ta ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi. Jirgi yana shiga babbar tasharta da sassafe tsakanin ganuwoyin dutse masu ruwan ƙasa, idan kuma mutum ya tsallaka ɗaya gefen birnin zai hango tsibirin Manoel, inda tsohon gidan killace matafiya yake tun 1643. A can ake ajiye masu zuwa daga garuruwan da ake zargi da annoba, su da kayansu, har wa'adi ya cika. Mutanen bakin teku sun daɗe da sanin cewa cuta ta jirgi take zuwa, kuma gari yana da ikon rufe ƙofarsa. Ikon nan yana nan har yau, kuma shi ne abin da mai sayen tikiti ya fi mantawa da shi. Kyaftin yana iko da jirginsa, amma izinin shiga tasha a hannun ƙasar da ke da tashar yake. Jirgin Westerdam ya yi kusan mako biyu yana gararamba a tekun Asiya, Japan da Filifin da Tailan duk suka ƙi karɓarsa, sai Kambodiya ce ta bar shi ya tsaya a Sihanoukville ranar 13 ga Fabrairun 2020. Ba annoba kaɗai ke jawo haka ba. Tun 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, a 2024 kuma kamfanoni da dama suka karkatar da jiragensu daga Bahar Maliya saboda hare-haren 'yan Houthi. Shi ya sa yarjejeniyar da ke bayan tikiti take ba kamfani damar sauya hanya ko tsallake tasha. Ban ga laifin wannan sharaɗi ba, tun da babu mai iya alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Inda na rabu da kamfanonin shi ne yadda aka raba asara. Tsakanin Malta da Barcelona akwai yini guda da ba a ganin komai sai ruwa, yini ne mai kyau na karanta ƙananan rubutun da aka sa wa hannu cikin ɗoki. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: a ba da kafin alƙalami lokacin kama ɗaki, a cika ragowar wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, daga nan duk wanda ya fasa ana yanke masa wani kaso, kason yana ƙaruwa yayin da rana ke matsowa, har ya kai ga a makonnin ƙarshe ba a mayar da ko sisi. Wato idan fasinja ne ya fasa, tsabar kuɗi yake asara. Da annoba ta zo, kamfanoni ne suka fasa, sai ga shi abin da suka fara miƙa wa mutane takarda ce ta madadin kuɗi, wadda ba ta sayen komai sai wata tafiyar a kamfanin da ya ba da ita, kuma tana da ranar mutuwa. Manyansu, irin Royal Caribbean da Norwegian, sun ɗora garaɓasa, suka ce wanda ya karɓi takarda za a rubuta masa kashi 125 cikin 100 na abin da ya biya, wanda ya nace sai kuɗi kuwa ya shigar da buƙata ya jira. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan askin ya gagara, ko da ba laifin wanzami ba ne, ladan ake mayarwa.

Za a ce ai ƙarin kashi 25 alheri ne, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Ga wanda ke zaune a Milan ko Miami, wanda zai shiga jirgin ƙasa ko mota ya isa tasha duk ranar da ya ga dama, watakila haka ne. Mai fasfon Najeriya ko Nijar lissafinsa daban. Kafin ya taka wannan jirgi sai ya sami bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024, ba a mayarwa idan an hana, sai kuma inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da tikitin jirgin sama. Ofishin jakadanci yana son ganin shaidar an kama ɗaki kafin ya duba takardu, kamfani kuma yana son cikon kuɗinsa a ranar da ya yanka, ko biza ta fito ko ba ta fito ba, domin a yarjejeniyarsu takardun tafiya nauyin fasinja ne. Bizar ma akan ba da ita ne daidai kwanakin tafiyar da aka nema. Idan an soke tafiya aka ba shi takarda, sai ya sake bin layin daga farko, ba tare da tabbacin za a sake ba shi ba. Ƙofar kanta tana iya rufewa dare ɗaya: Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga daga 6 ga Disambar 2021 saboda nau'in Omicron, ta cire ta ranar 15 ga watan. Wanda jirginsa zai tashi daga Southampton a tsakanin nan, kwana tara sun ishe shi rasa tafiyar. A hannun irin wannan mutum, kashi 125 a takarda bai kai kashi 100 a asusun banki ba, nesa ba kusa ba.

Hujjar da ta fi wannan nauyi a Barcelona na auna ta, inda jirage ke jere a doguwar tasha ƙarƙashin tudun Montjuïc, ana hango yawan mutanen da ke cin abinci da wannan sana'a, daga masu ɗaukar kaya har direbobin bas. Masu kare kamfanoni suna cewa da an mayar wa kowa kuɗinsa lokaci guda a 2020, da dukkansu sun durƙushe, da fasinja bai ga kuɗin ba, bai ga tafiyar ba. Maganar tana da tushe: kamfanin Carnival kaɗai ya yi asarar sama da Dala biliyan 10 a shekarar. Sai dai idan aka duba da kyau, hujjar tana cewa ne fasinja ya ba kamfani rance, ba da shawararsa ba, ba jingina. Waɗanda suka ranta wa Carnival kuɗi a lokacin sun karɓi ruwa mai yawa, sun kuma riƙe jirage a matsayin jingina. Shi kuwa mai takarda a ƙarshen layi yake idan abu ya lalace, kuma ya lalace wa wasu. Pullmantur na nan Sifaniya ya shiga hannun kotu a Yunin 2020, Cruise & Maritime Voyages na Birtaniya ya bi shi a Yuli, a farkon 2022 kuma jirgin Crystal Symphony ya kauce wa Miami ya nufi Bahamas don gudun kada a kama shi kan bashin mai, kafin kamfaninsa ya rufe. Idan ceton sana'a ya zama dole, aikin masu hannun jari ne da bankuna da gwamnatoci, su da suke da ƙarfin auna haɗari su kuma nemi ladansa.

Doka ma ta karkata nan. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiyar da ake saya a dunƙule ta ce idan mai shirya tafiya ya soke ta, ya mayar da kuɗi cikin kwana 14. Faransa ta yi wa kamfanoninta sassauci a Maris 2020, ta yarda su ba da takarda ta wata 18, amma a ranar 8 ga Yunin 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa hakan ya saɓa wa doka, mayarwa na nufin kuɗi. A Amurka, hukumar kula da sufurin teku ta tarayya ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta ba fasinja damar neman kuɗinsa idan an soke tafiya ko an jinkirta ta kwana uku ko fiye. Abin lura ga mai saye daga Kano ko Yamai shi ne, kamfani ɗaya yana da sharuɗɗa daban-daban gwargwadon ƙasar da aka sayi tikitin, don haka tambayar farko da zai yi wa dillali ita ce dokar wace ƙasa ce ke kan takardarsa, kuma a ba shi amsa a rubuce.

Akwai giɓin da dokokin nan ba su toshe ba, kuma a Marseille na ga girmansa. Jirgi yana wuce tsibiran Frioul kafin ya shiga tasha, ruwan da jirgin fatauci Grand-Saint-Antoine ya iso a Mayun 1720 daga gabashin Bahar Rum, bayan mutane sun mutu a cikinsa a hanya. Garin yana da dokar killacewa, amma kayan da ke ciki yadi ne mai tsada, masu shi kuma manyan gari ne da ke son ya isa kasuwa, sai aka sassauta. Annobar da ta biyo baya ta kashe kusan rabin mutanen Marseille. Dokar lafiya takan karye ne a daidai inda bin ta zai sa wani asarar dukiya. Shekara 300 bayan haka jirgin Ruby Princess ya sauke fasinjoji kusan 2,700 a Sydney ranar 19 ga Maris 2020 kafin sakamakon gwaji ya fito, a 2023 kuma kotun tarayya ta Ostireliya ta sami kamfanin jirgin da sakaci kan barin tafiyar ta tashi tun farko. Matsin da ke kan kamfani shi ne ke kan fasinja. Lokacin annobar korona kamfanoni sun gane haka, suka yarda mutum ya fasa har awa 48 kafin tashi, amma rangwamen na ɗan lokaci ne, an janye shi da abubuwa suka daidaita. Yau wanda ya wayi gari da zazzaɓi ko gudawa ranar hawa, aka miƙa masa tambayoyin lafiya, ya san gaskiya tana iya cinye masa kuɗin tafiyar gaba ɗaya, domin dokar Turai tana duba abin da ya faru a inda za a je ne, ba ta duba rashin lafiyar shi matafiyin. Za a ce ya sayi inshora. Ya kamata ya saya, ya kuma karanta ta, domin a 2020 da yawa sun tarar tasu ta cire annoba, kuma inshorar da ake nema don biza ta magani ce, galibi ba ta biyan kuɗin fasa tafiya. Amma inshora zaɓin mutum ɗaya ce, amsar da zai rubuta a takardar kuwa ta shafi duk wanda zai ci abinci kusa da shi har mako guda. Kamfanin da ke son a gaya masa gaskiya a bakin tasha, hanya mafi arha gare shi ita ce ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa wanda likitan kamfanin ya hana hawa za a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14, daidai da wa'adin da doka ta ɗora masa idan shi ne ya soke.