Ɗigo ɗaya da ya kusa fitar da yarinya daga lakwal

Shekara 19 ke nan ina koyarwa a kwaleji a nan Damagaram, kuma a mafi yawan shekarun ni ake ɗora wa nauyin aji. Ni ke tattara makin da kowane malami ya ba yara, in fitar da mwayan, in jera su daga na ɗaya har na ƙarshe, in cika bultan. Duk malamin da ya taɓa wannan aiki ya san yadda ƙarshen zango yake. Bara ina da yara 71 da darussa 9, wato maki 639, kowanne sai an ninka shi da nauyin darasinsa kafin a tara a raba. Dare uku nakan yi a kan tabarma da kalkileta da fitila, uwargida tana tambaya ko na koma mai gadi ne.

Wannan wahala ce ta sa na tara jika 80 na sayi kwamfuta ta hannu, wadda wani ya riga ya more. Batirinta bai riƙe wuta ko minti goma. Ban taɓa shiga ajin koyon kwamfuta ba, kuma kunya ba ta bar ni in zauna tsakanin yaran da na koyar a sibar ba. Sai ɗiyata ta fari, wadda ke lise, ta ce: “Baba, ai komai yana cikin YouTube, har da Hausa.” Ta buɗe mani a waya, na tarar da samarin Kano da Kaduna suna koyar da Word da Excel dalla-dalla cikin harshenmu. Na ji daɗi ƙwarai. Na riƙa sayen forfe na dare ina sauke bidiyo, in kalla da rana bayan an tashi daga lakwal.

Tun makon farko na gane akwai iyaka tsakaninmu da ƴan uwanmu na Najeriya har cikin na'ura. Kwamfutarsu Turancin Ingilishi take ji, tawa Faransanci. Malamin bidiyo ya ce a danna Ctrl da B don rubutu ya yi kauri, ni kuwa sai da Ctrl da G tawa ke amsawa. Inda harafin Q yake a allon rubutunsa, ni A ne a wurin, inda W yake ni Z ne, domin tsarin AZERTY muke da shi, su kuma QWERTY. Lambobin da ke layin sama ma sai na riƙe Maj kafin su fito. A Excel abin ya fi tsanani. Shi ya rubuta SUM, ni sai SOMME. Shi AVERAGE, ni MOYENNE. Shi yana raba sassan lissafi da waƙafi, ni sai waƙafi mai ruwa. Na kwana biyu ina zargin an sayar mani da na'ura mai ciwo, alhali lafiyarta lau. Daga baya na samu dabara: in kalli na Hausa don in fahimci abin da ake nufi, sannan in nemi na Faransanci don in ga ainihin kalmar da zan rubuta.

Darasi na biyu wuta ce ta koya mani. Wani dare na shigar da makin yara kusan 40, aka ɗauke lantarki, na'urar ta mutu nan take. Da wuta ta dawo, abin da na tarar bai kai rabi ba. Tun daga ranar yatsuna suka saba da Ctrl da S kamar yadda baki ya saba da bisimilla. Na kuma sayi kile ina kwafe aikin a ciki duk ranar Juma'a.

Cikin wata biyu na gina jadawalin ajina. Layin farko na kwance na ɗauke da nauyin kowane darasi, kowane yaro da layinsa a ƙasa. Na koyi SOMMEPROD, wanda ke ninka kowane maki da nauyinsa ya tara su baki ɗaya, sai in raba da jimillar nauyin. Na koyi sa alamar dala a gaban lambar layin nauyi, don kada ta zame idan na ja lissafin zuwa ƙasa. Na koyi RANG mai jera yara. Aikin dare uku ya koma na awa biyu. Ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura. Na buga bultan, aka sa hannu, aka raba.

Bayan kwana huɗu, da la'asar, aka yi mani sallama a ƙofar gida. Wani dattijo ne mai sayar da hatsi, da ɗiyarsa a bayansa ta sunkuyar da kai. Yarinyar tana ajina, ba ta cikin na gaba-gaba, amma ba ta taɓa faɗuwa ba. Bayan gaisuwa ya ce: “Mushe, na zo ne in yi maka godiya in kuma sallame ka. An karanta mani takardarta, an ce ba ta kai 10 ba. Tun da kan bai ɗauka, gara ta zauna gida ta taimaki uwarta, akwai ma masu tambaya.” Na san abin da masu tambaya ke nufi ga yarinya mai shekara 14.

Na karɓi bultan na duba: 8,88 bisa 20. Sai yarinyar ta ɗago kai ta ce a hankali: “Mushe, ni na lissafa da hannu, 11 da wani abu na samu.” Uban ya daka mata tsawa, wai za ta ƙaryata inji. Ni kaina zuciyata ta fi karkata ga injin. Amma na roƙe shi ya zauna, na sa aka kawo masa ruwa, na ɗauko kalkileta ta da. Na lissafa sau biyu, 11,30 ke fitowa.

Na buɗe kwamfuta a gabansu, gumi na karyo mani. Kowane maki yana wurinsa, lissafin daidai yake da na sauran yara. Ɗiyata ce ta leƙo ta kafaɗata ta ce: “Baba, me ya sa wannan ya jingina hagu, sauran duk suna dama?” Makin darasin lissafi ne, 14 da rabi, mai nauyi 3. Na rubuta 14.5 da ɗigo, kamar yadda na ga ana yi a bidiyon Kano, maimakon 14,5 da waƙafi. A Excel na Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta. Abin da aka rubuta da ɗigo bai ɗauke shi lamba ba, rubutu ne a wurinsa, shi ya sa ya tura shi hagu, SOMMEPROD kuma ya ƙidaya shi sifili ba tare da ya yi mani kashedi ba. Darasin da yarinyar ta fi ƙwarewa a kai shi na shafe mata da hannuna.

Na gyara, lambar ta koma 11,30, matsayinta ya hau sama sosai. Na dubi dattijon na ce: “Alhaji, kuskurena ne, ɗiyarka ce mai gaskiya.” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ashe inji ma yana ƙarya. Na ce masa inji bai yi ƙarya ba, abin da na ba shi ya dafa. A daren na bi layin yara 71 ɗaya bayan ɗaya, na samu wasu biyu da na yi wa irin wannan ɓarna, su dai ba su faɗi ƙasa da 10 ba, shi ya sa ba wanda ya koka. Da safe na kai kaina gaban shugaban lakwal, aka sake buga bultan ajin duka, tun da jerin ya canza. Yarinyar tana nan, bana za ta rubuta jarrabawar BEPC in Allah ya yarda.

Ƴan uwana malamai, ban kawo labarin nan don in tsorata kowa ba. Gemu ba ya hana ilimi, kuma abin da na koya ta waya ina zaune a gida ya sauƙaƙa mani rayuwa. Yanzu har haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ina sa su a Word ta hanyar Insertion da Symbole, kowanne na ba shi maɓallinsa. Sai dai mai bidiyo ba ya ganin allonka, ba ya kuma sanin cewa layi na 34 ɗiyar wani ce. Kafin ka bi malamin intanet, fara duba ko harshen na'urarsa ɗaya ne da na taka. Idan ka gama jadawali, zaɓi yara biyar, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ka lissafa nasu da hannu. Sa NB ya ƙirga maka gidajen da ke ɗauke da lamba ta gaske a kowane layi: idan darussa 9 ne ya ce 8, akwai matsala. Idan kuma za ka nemi taimako a wurin wanda ba ka sani ba, share sunayen yara kafin ka aika masa hoton aikinka, domin makinsu amana ne.

Ku kuma iyaye, takarda ta fito daga na'ura tsaf da layuka masu kyau ba ya nufin babu kuskure a cikinta. Idan ɗanku ya ce makinsa bai yi daidai ba, ku saurare shi, ku zo lakwal ku tambaya. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi maƙwabci ya lissafa masa. Haƙƙinku ne, kuma malamin kirki ba zai ji haushi ba. Musamman kada a yanke wa yarinya hukuncin barin karatu a kan bultan ɗaya kafin a ga malaminta.

Har yanzu kalkileta ta da tana kan tebur kusa da kwamfutar, kuma duk ƙarshen zango nakan ce wa ajina kowa ya lissafa mwayan ɗinsa da hannu ya kawo mani kafin in buga bultan.